Jan inabi marar maye: tsantsar ruwa, hardaliye, dibis, ko wanda aka zare wa barasa?

Ruwan inabi ba ya zama yadda aka matse shi. Nunannen baƙin inabi na ɗauke da sukari giram 200 zuwa 250 a kowace lita, yis ɗin da zai cinye sukarin kuma yana nan a jikin ɓawo da kayan matsa tun daga gona. Idan aka ajiye ruwan a ɗaki mai ɗumi, kwana biyu ko uku ya isa ya fara kumfa, kuma duk giram 17 na sukari da yis ya ci a lita guda ya koma barasa kashi 1 cikin 100. Saboda haka duk kwalbar jan inabi da aka ce ba ta sa maye, akwai abin da aka yi mata. Ko an kashe yis ɗin da zafi (tsantsar ruwa), ko an danne shi da ƙwayar mustad (hardaliye), ko an dafe ruwan har ya yi kaurin da yis ba zai rayu a ciki ba (dibis), ko kuma an bar shi ya zama giya sannan aka zare barasar daga baya.

Mai shigo da kaya, mai otal da mai shirya walima duk abin da ya kamata su fara tambaya ke nan: me ke riƙe da kwalbar nan, kuma zai iya riƙe ta a shago a watan Afrilu, lokacin da zafi ke wuce digiri 40 a Kano da Sakkwato, wuta kuma tana zuwa tana tafiya? Sunan irin inabi da tambarin oganik suna biyo baya ne.

A kula da kalmar ma. A Hausa "ruwan inabi" kan ɗauki ma'ana biyu, wasu na nufin giya da shi, wasu na nufin ruwan da aka matse kawai. A nan duk inda aka ce tsantsar ruwa, wanda bai taɓa tsimuwa ba ake nufi.

Irin inabin, da abin da ke saura daga gare shi

Turkiyya na da irin inabi na asali sama da dubu ɗaya, kuma kaɗan ne daga amfaninta ke tafiya wajen giya. Yawanci ci ake yi, ko a shanya zabibi, ko a dafa dibis. Shi ya sa ta fi kowace ƙasa dacewa da wannan kwatanci. Papazkarasi na yankin Kirklareli ne, kusa da iyakar Bulgeriya, yana da tsami mai kyau, launinsa ba ya yin duhu sosai. Okuzgozu, wato "idon bijimi", na Elazig ne, 'ya'yansa manya, ruwa da yawa, bauri kaɗan. Bogazkere na Diyarbakir ne, sunansa ma na nufin mai kankare maƙogwaro, ɓawonsa kauri ne da shi, baurinsa kuma ya kusa na ɗanyar kanya. Kalecik Karasi na wajen Ankara ya kusa ɓacewa bayan ƙwaron filoksira ya cinye gonaki, sai masana a Jami'ar Ankara suka farfaɗo da shi. Daga Jojiya kuma akwai Saperavi.

Abin da ya raba Saperavi da sauran yana da muhimmanci ga mai matsa. Kusan duk baƙin inabi, ka ɓare shi za ka ga cikinsa fari ne, jan launin yana cikin ɓawo kawai, sai an jiƙa ko an ɗumama yake fita. Saperavi kuwa har tsokarsa tana da launi, don haka yana ba da ja mai duhu ba tare da an wahalar da shi da wuta ba.

Gaskiyar da masu talla ba sa son faɗa ita ce, ƙamshin iri na musamman shi ne abu na farko da ke salwanta. Zafi na kore shi, yajin mustad na rufe shi, injin zare barasa na tafiya da rabonsa. Abin da ke tsira shi ne launi, tsami da bauri. Wanda ya biya kuɗi mai yawa don Kalecik Karasi, wanda darajarsa ke cikin ƙamshi mai laushi, sannan aka dafa masa shi, ya sayi suna ne. Wanda ya zaɓi Okuzgozu don tsaminsa, ko ya gauraya shi da ɗan Bogazkere don ya samu bauri, zai ji kuɗinsa a baki.

Me tambarin oganik ke nufi a nan

A dokar Tarayyar Turai, gonar inabi sai ta yi shekara uku babu takin zamani, babu maganin ciyawa da na ƙwari na sinadari, kafin amfaninta ya karɓi sunan. Wannan ba ya nufin ba a yi feshi ba. Ana fesa farar wuta don farar fumfuna, ana fesa haɗin jan ƙarfe don cutar ganyen da damshi ke kawowa, kuma tun 2019 an ƙayyade jan ƙarfen zuwa kilo 28 a hekta cikin shekara bakwai, wato kilo 4 a shekara idan aka raba, saboda yana taruwa a ƙasa. Tambarin gaske ganye ne da aka zana da fararen taurari a kan kore, a kusa da shi kuma dole a ga lambar hukumar da ta duba gonar. Hoton ganye kawai ba tare da lamba ba ado ne.

Inda abin ya shafe mu shi ne maganin hana lalacewa. Benzowet mai lamba E211, sobet mai lamba E202 da E242 duk ba a yarda da su a kayan oganik ba. Salfait an yarda da shi a giya, amma da ragi: miligiram 100 a lita ga jar giya marar zaƙi, maimakon 150 na sauran. Ke nan kwalbar oganik marar barasa ba ta da mai gadi sai zafin da aka ba ta, ko tsananin tacewa, ko sanyi. A Jamus wannan ba matsala ba ce. A kwantenar da ta yi makonni a teku, ta yi jira a tashar Legas, sannan ta kama hanyar Arewa, shi ne kan magana.

Tsantsar ruwa

Hanyar daɗaɗɗiya ce. A 1869 wani likitan haƙori a Amurka, Thomas Welch, ya ɗumama ruwan inabin Concord a kwalba don cocinsa ya samu abin sha marar barasa, kuma har yau asalin aikin bai canza ba. Ana cire karan nonon inabin, a murƙushe 'ya'yan, a ɗumama su tare da ɓawo zuwa digiri 60 ko 63 na rabin awa zuwa awa guda don launi ya fita, sannan a matse. Kilo 100 kan ba da lita 70 zuwa 75. Sai a kai ruwan digiri 80 zuwa 85 na ɗan lokaci, a sanyaya shi kusa da daskarewa na wasu makonni don gishirin tatarik, wanda ke cikin inabi tun asali, ya kwanta, a tace, a zuba a kwalba da zafinsa a rufe.

Kurakuran sanannu ne. Idan zafin farko ya wuce digiri 70 ko ya daɗe, ƙwallayen ciki na sakin ɗaci, ruwan kuma ya ɗauki ɗanɗanon dafaffen abu. Idan aka tsallake sanyayawa, bayan wata ɗaya ko biyu za a ga wani abu kamar ɓarɓashin gilashi a gindin kwalba. Ba ya cutarwa, gishirin inabin ne da kansa, amma mai saye ba zai yarda ba, zai dawo da katan ɗin. Idan murfi bai kama ba, yis ɗaya tak ya isa.

Kwalbar da aka rufe da kyau tana iya shekara ba firji, kuma a wannan ta fi hardaliye nesa ba kusa ba. Sai dai zafi na cin launin: ja mai haske ya koma na bulo, daga nan ya koma ruwan ƙasa, musamman a farar kwalba da rana ke duka. Duk wanda ya taɓa ganin zoɓon da ya kwana biyu a rana ya san yadda abin yake, don sinadarin launinsu dangi ɗaya ne.

Babban aibinsa sukari. Ruwan irin waɗannan inabi kan kai giram 20 a kowane mililita 100, kofi ɗaya na mililita 250 ya zama giram 50, kusan duk abin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada baligi ya wuce a yini. Mai ciwon suga kada kalmar oganik ta ruɗe shi. A teburin abinci ma zaƙin na danne nama da miya, ya fi kyau a sirka kashi biyu na ruwan da kashi ɗaya na ruwan sanyi ko soda.

Yawancin dogayen kwalabe masu gas da ake fasawa a wajen dina da kamu suna wannan sahu, sai dai ba tsantsa ba ne. A duba jerin kayan haɗi. Idan ruwa da sukari ne a gaba, sannan ga E330 na tsami da E163 na launi, lemo ne aka sa wa rigar inabi.

Hardaliye

Wannan shi ne mafi ban sha'awa a cikin huɗun, kuma mafi wuyar sha'ani. Abin sha ne na mutanen Kirklareli, sunansa daga hardal, wato ƙwayar mustad da Larabawa ke kira khardal. Ana ruwaito cewa Mustafa Kemal Ataturk ya ɗanɗana shi da ya ziyarci garin a 1930, ya so a mayar da shi abin shan ƙasa, kuma a 2017 aka yi masa rajistar sunan yanki.

Ana wanke nunannen baƙin inabi, a ɗan fasa 'ya'yan ba tare da an farfasa ƙwallayen ba. A ganga mai famfo kamar taƙi ɗaya sama da gindi, sai a jera: shimfiɗar inabi, ganyen itacen ceri mai tsami, barbaɗen dakakken mustad, a sake, har a bar sarari kaɗan a sama. Ma'aunin da aka fi ambata shi ne giram 200 na mustad da giram 100 na benzowet ga kilo 100 na inabi, masu yin na gargajiya zalla kuwa kan ƙara mustad su bar benzowet. Kowane kwana ɗaya ko biyu a buɗe famfo, a tari ruwan, a juye shi ta sama don yajin ya ratsa ko'ina. A ɗaki mai digiri 20 zuwa 25, cikin kwana 10 zuwa 20 ya yi. Sai a tace, a kai sanyi.

Sirrin yana cikin ƙwayar. Baƙin mustad idan aka daka shi ya haɗu da ruwa, yana sakin wani mai mai yaji da ke hawa hanci. Wannan mai na danne yis, amma bakteriyar da ke tsamar da nono tana jure masa. Sai ya zama ruwan ya ɗan yi tsami irin na kindirmo, sukarinsa bai koma barasa ba. Abin da ke fitowa ja ne mai duhu, zaƙi da tsami a tare, bauri kaɗan daga ɓawon da ya jiƙu makonni, sannan yaji ya biyo baya a maƙogwaro. Da gasasshen nama, babu na biyunsa a cikin huɗun.

Inda yake lalacewa ma a wajen ƙwayar ne. Farin mustad ba ya ba da wannan mai, baƙi ake nema. Wanda aka soya ko aka zuba wa tafasasshen ruwa ya mutu, don zafi na kashe abin da ke sakin yajin. Wanda aka daka tun watan jiya ya huce. Ko da komai ya yi daidai, man yana tashi a iska sannu a hankali, ranar da ya yi ƙasa kuma yis zai farka ya tarar da sukari giram 200 na jiransa. Shi ya sa na gargajiya ke son digiri 4, kuma ko a hakan watanni kaɗan yake yi. Na oganik, wanda ba shi da benzowet, ya fi kowanne rauni sai idan an ɗumama shi bayan tacewa, ɗumamar kuma na rage yajin da ya sa ake nemansa.

Abu biyu ga mai saye. An fi sanin hardaliye da inabin Papazkarasi, amma ba duka ne nasa ba, da yawa da Cabernet Sauvignon ko Merlot ake yin su, don haka a karanta takardar. Sannan idan akwai E211, kada a ga E300 tare da shi, don benzowet da bitamin C idan suka haɗu a zafi da haske suna iya haifar da benzin, mai cutarwa.

Mai son gwadawa a gida ya jira hunturu. A digiri 35 yis ne ke cin nasara. Inabin ci da ake samu a kasuwa kuma ɓawonsa ba shi da launi sosai, abin da zai fito zai yi fari-fari. Kada a dogara da harshe wajen sanin ko ya fara juyawa, a sayi haidiromita, ɗan gilashin nan mai yawo a ruwa. A auna ranar farko, a riƙa aunawa kullum. Idan ya sauka daga 1.090 zuwa 1.086, barasa ta kai kusan rabin kashi ɗaya cikin 100, in ya ci gaba da sauka to gangar ta kuɓuce.

Dibis

Turkawa na ce masa pekmez. Ana zuba wa ruwan inabi wata farar ƙasa mai alli don ta kashe tsami, a ɗumama, a bar shi ya kwanta, a tsiyaye na sama, a dafa a faffaɗar tukunya har sukarinsa ya kai kusan kashi 68 cikin 100. A wannan kauri yis ba ya samun ruwan rayuwa. A Muwaɗɗa ta Imam Malik an kawo cewa a Sham an dafa wa Sayyidina Umar ruwan inabi har kashi biyu cikin uku ya tafi, ya sa yatsa ya ɗago yana naɗowa, ya halatta musu shi. Lissafin ya yi daidai da na masana'anta: ruwa mai sukari kashi 22, in ya koma sulusi, ya zama 66.

Ba ya tsoron zafi, ba ya neman firji, kuma kwalba ɗaya da ruwa kwalba uku ta koma ƙarfin ruwan inabi. Amma ba ja ba ne, ruwan ƙasa ne, ɗanɗanonsa ya fi kusa da na mazarƙwaila, sai an matsa lemon tsami yake farfaɗowa. Irin inabin kusan ba ya bayyana a cikinsa, don haka ƙarin kuɗi saboda sunan iri asara ce. Ya fi dacewa da kunu, fura ko burodi. A guji mai ɗacin ƙuna da mai arha fiye da kima, don ana yi masa algus da ruwan gulukos. A guji sa jiƙaƙƙen cokali a ciki.

Wanda aka zare wa barasa

Nan giya ce aka gama, sannan aka cire mata barasa. A tukunyar gida barasa na tafasa a digiri 78, amma idan aka zuƙe iskar tukunyar tana tashi a wajen digiri 30 zuwa 35, ba tare da an dafe abin ba. Carl Jung na garin Rudesheim a Jamus ya yi rajistar wannan dabara a 1908. Akwai kuma injin mazurari masu juyawa da aka ƙirƙiro a Ostireliya, wanda ke fara kama ƙamshi a ajiye, a zare barasa, a mayar da ƙamshin, da kuma tacewa ta wata fata mai matsi. A Disambar 2021 dokar Turai ta ce abin da bai wuce kashi 0.5 ba shi ake kira wanda aka zare wa barasa, kuma sai a 2025 aka yarda a yi irinsa da tambarin oganik. Kashi 0.5 da 0.0 ba ɗaya ba ne, a duba wanne aka rubuta.

Shi ne mafi ƙarancin sukari, sau da yawa giram 2 zuwa 5 a mililita 100, shi ne kuma ya fi riƙe kamannin irin inabin. Amma barasa ce ke ba giya jiki, da ta fita sai abin ya tsinke, tsami da bauri su fito tsirara. Mai bauri irin Bogazkere ya fi shan wahala, shi ya sa ake mayar masa da dafaffen ruwan inabi ko ƙaro. An cire mai gadi an ƙara sukari, kwalbar ta zama mai saurin lalacewa, in an buɗe kwana uku zuwa biyar ne a firji.

Ga Musulmi, matsalar ba ta tsaya a adadin da ya saura ba, ta koma ga asali. Kwamitin fatawa na ƙasar Maleshiya a 2011 ya yanke cewa abin shan da aka bi hanyar yin giya wajen haɗa shi haramun ne ko da an tsiyaye barasar, alhali lemon da ba da nufin giya aka yi shi ba, mai ɗan burbushin da bai kai kashi 1 ba, ya halatta. Akwai hukumomin halal a wasu ƙasashe da ke ba wa mai 0.0 shaida. Mai otal da ke da baƙi iri-iri zai iya ajiye shi ya rubuta abin da yake ƙarara. Mai walima kuwa, wanda ba zai tsaya yi wa kowane baƙo bayani ba, tsantsar ruwa ta fi masa kwanciyar hankali.

Shagon da ba shi da tsayayyen sanyi ya tsaya a tsantsar ruwa a baƙar kwalba, da dibis. Hardaliye na mai firji da sola ne ko janareta, a ɗauko kaɗan, a sayar cikin makonni, kuma wanda aka ɗumama ya fi aminci ko da yajinsa ya ragu. A Najeriya a nemi lambar NAFDAC a jikin kowace kwalba.

Ranar da kaya suka iso, a zaro kwalba uku daga katan daban-daban, har da na saman kwantena inda zafi ya fi duka. A ɗaga su a haske. Murfin da ya kumbura, danshi mai yauƙi a wuya, ko farin laka mai tashi kamar hayaƙi in an girgiza, duk alamar yis ne. Tsakuwa mai ƙyalli da ke nutsewa nan take gishirin tatarik ne, ba komai. A buɗe ɗaya: abin da ba a rubuta yana da gas ba bai kamata ya yi ƙarar fitar iska ba. Sauran biyun, a sa ɗaya a firji, ɗaya a kan kantar shago, bayan mako biyu a zuba su a farin kofi gefe da gefe kafin a biya sauran kuɗin.